BABI NA HUƊU: MAGAJI DA GADO A CIKIN MAGANA JARI CE

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin tarihin rayuwar Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a shekarar 1911, ya rasu a shekarar 1981, an kuma nuna yadda ya zauna a Zariya a shekarar 1936 tare da Dokta R. M. East na Hukumar Talifi, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafin da ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939. A wannan babi kuwa za a dubi matsayin magaji a cikin littafin. Za a fara da ma'anar kalmar da matsayin mai ɗauke da ita a al'adar Bahaushe, sannan a bi uwar labarin, wato babban labarin nan na Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da aku, wanda ya goya sauran ƙananan labarai. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, maganar magaji ita ce ginshiƙin da aka ɗora littafin a kai, kuma ra'ayin marubucin shi ne haihuwa tana ba mutum haƙƙin gado, amma horo ne ke sa ya iya riƙe abin da ya gada. Daga ƙarshe za a nuna wuraren da hoton da ya zana ya saɓa wa abin da aka sani a tarihin ƙasar Hausa.

4.1 Ma'anar Magaji

Kalmar magaji ta samo asali ne daga aikatau "gada", kamar a ce "abin da ya gada", ko "ya gaji ubansa". An yi mata ɗafa-goshin "ma-" mai nuna mai aikata abu, kamar yadda ake samu a maƙeri da manomi da masaƙi. Baƙin "d" yakan koma "j" idan wasalin "i" ko "e" ya biyo shi, shi ya sa ake cewa magaji da magajiya, amma a jam'i sai a ce magada.

A rubutun yau da kullum ba a bambanta gado na abin da mamaci ya bari da gado na kwanciya, amma a furuci sun bambanta, domin na farkon wasalinsa na farko dogo ne, na biyun kuwa gajere. Wannan kamanci ya sa idan aka rubuta "gadon sarauta" ana iya nufin karagar da sarki ke zama a kai, ana kuma iya nufin haƙƙin hawa karagar. Magaji a fada shi ne wanda ake sa ran zai haɗa biyun.

Idan aka yi la'akari da yadda Hausawa ke amfani da kalmar, za a ga tana ɗauke da ma'anoni aƙalla huɗu. Akwai magajin dukiya, wanda shari'a ta yanka wa rabo daga abin da mamaci ya bari. Akwai magajin gida ko na sarauta, wanda zai zauna a mazaunin wanda ya kau, ya ɗauki nauyin mutanen da ya bari. Akwai magajin sana'a ko na ilimi, kamar ɗan maƙeri da ɗan wanzami da almajirin da ya gaji zauren malaminsa. Sannan akwai gadon hali, inda za a ji an ce wane ya gaji haƙurin ubansa ko zafin zuciyar kakansa. Bugu da ƙari, kalmar ta zama sunan sarauta, kamar Magajin Gari da Magajin Rafi a Sakkwato, da Magajin Malam a Kano, da Magajiya a Daura, ta kuma zama sunan da ake kiran 'ya'ya maza da shi a gidaje da dama.

4.2 Matsayin Magaji a Al'adar Bahaushe

Bahaushe yana kallon magaji a matsayin wanda zai hana gida mutuwa. Idan mutum ya rasu bai bar baya ba, akan ce gidansa ya mutu, ko da kuwa ginin yana nan tsaye. A ƙauye, inda ake noman gandu, babban ɗa ko ƙanen mamaci shi ke zama maigida, shi zai fitar da hatsi daga rumbu, ya biya haraji, ya yi wa ƙanne aure, ya riƙe tsofaffin matan gidan. Wato abin da ya faɗo masa ya ƙunshi wahala fiye da daɗi. Wannan ne ya sa ake cewa "gadon gida alala ga raggo".

Karin maganar Hausa sun kasu biyu dangane da wannan batu. Wasu suna ɗaukaka jini, kamar "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", da "ɗan na gada ya fi ɗan na koya". Wasu kuwa suna nuna jinin bai isa ba, kamar "albasa ba ta yi halin ruwa ba", wanda ake faɗa wa ɗan da bai ɗauko halin kirki na iyayensa ba. Shi kansa "kyan ɗa ya gaji ubansa" idan aka duba shi da kyau, sharaɗi ne aka gindaya wa ɗa, domin da kowane ɗa yana gadon ubansa ba sai an kira abin kyau ba.

Ta fuskar dukiya, Hausawa Musulmi suna bin ƙa'idar rabon gado ta mazhabar Malikiyya, inda kowane magaji yake da rabo sananne, kuma wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya. Sarauta kuwa ba a raba ta, kuma ba dole ne babban ɗa ya gaje ta ba. Masu zaɓen sarki ne ke duba 'ya'yan gidan sarauta su fitar da ɗaya. A Kano, alal misali, masu zaɓen su ne Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Sarautu irin su Ciroma da Yarima da Ɗangaladima sukan nuna wanda ido ke kansa, amma ba su tabbatar masa da karaga. Wannan bambanci tsakanin gadon dukiya da gadon sarauta yana da muhimmanci wajen fahimtar abin da zai biyo baya.

4.3 Magaji a Uwar Labarin Magana Jari Ce

Littafi na ɗaya ya buɗe da labarin wani babban sarki a ƙasashen gabas, Abdurrahman ɗan Alhaji, wanda Allah ya ba mulki da dukiya marar iyaka, amma ba shi da ɗa namiji, sai 'ya mace guda. Wannan 'ya ta haifi ɗa aka sa masa suna Mahmudu. Bayan haka, ta hanyar addu'ar malamai, sai shi ma sarkin ya sami ɗa namiji, aka sa masa suna Musa. Yaran biyu suka tashi tare, suka shaƙu ƙwarai. Wazirin sarki, wanda da ma ya sa rai sarauta za ta faɗo masa idan sarki ya mutu ba ɗa, sai ya ƙulla gaba da Musa a zuci.

Da Musa ya tasa, Sarkin Sinari ya aiko yana neman a haɗa shi aure da 'yarsa. Abdurrahman ya ƙi, ya kuma wulaƙanta manzon, abin da ya jawo yaƙi. Waziri ya haɗa baki da abokan gaba a asirce. A daidai wannan lokaci ne aka sayi wani aku mai magana da hangen nesa, wanda ya tona zuwan maharan. Sarki ya fita yaƙi tare da Mahmudu, ya bar Musa a gida, ya bar riƙon gari a hannun Waziri. Shi kuwa Waziri sai ya kitsa makircin da zai sa Musa ya fita da dare ya bi Mahmudu fagen fama, don a tare shi a hallaka shi. Kowane dare Musa yakan zo wurin aku neman sallama, aku kuwa sai ya ɗauko labari ya yi ta ba shi har gari ya waye, fita ta gagara. Haka aka yi ta yi har sarki ya dawo da nasara, asirin Waziri ya tonu, ya gamu da sakamakon cin amanarsa, aka naɗa aku Waziri.

Duk wani abu da ya faru a wannan labari daga maganar magaji ya taso. Rashinsa ne baƙin cikin sarki. Samunsa ne baƙin cikin Waziri. Aurensa ne ya haddasa yaƙi, kuma tsare ransa ne dalilin kowane ƙaramin labari da aku ya bayar. Idan aka cire Musa, babu abin da zai riƙe labaran nan wuri ɗaya.

4.3.1 Sauyin da Marubucin ya Yi wa Asalin Labarin

Sanannen abu ne cewa Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga wurare daban-daban, kamar Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turawa, ya sa musu rigar Hausa. Ita kuwa dabarar aku mai tsare mutum da labari, asalinta daga ƙasar Indiya ne, a wani tsohon littafi mai suna Shuka Saptati, wato labarai 70 na aku, wanda wani malami mai suna Nakhshabi ya sake tsarawa da harshen Farisa a ƙarni na 14 da sunan Tuti Nama, mai labarai 52. A can, wani attajiri ne ya yi tafiyar fatauci ya bar matarsa, ita kuwa ta so fita wurin wani namiji da dare, aku ya riƙa tsare ta da labarai har mijin ya dawo.

Imam ya riƙe ƙashin labarin, wato tafiyar maigida, da son fita da dare, da tsuntsu mai hikima. Har ma ya riƙe wani ƙaramin abu: a Tuti Nama matar ta kashe tsuntsuwar da ta fara yi mata wa'azi kai tsaye, a Magana Jari Ce kuwa Musa ne ya kashe macen aku da ta hana shi fita gar da gar. Abin da ya sauya shi ne abin da ake tsarewa. A asalin labarin mutuncin matar aure ake tsarewa, a nan kuwa ran magajin sarauta.

Ana iya cewa dalilin sauyin shi ne littafin na 'yan makaranta ne, labarin matar da ke neman cin amanar mijinta kuwa bai dace da yara ba. Wannan gaskiya ne, amma bai isa ya bayyana abin da ya sa aka zaɓi ɗan sarki ba, domin ana iya zaɓar ɗan attajiri ko ɗan malami. Ya kamata a tuna cewa tun makarantar Nasarawa da Ɗan Hausa ya buɗe a Kano a shekarar 1909, 'ya'yan sarakuna da na hakimai suna cikin waɗanda aka fi ɗiba zuwa makarantun boko, kuma shi Imam malami ne a makarantar Midil ta Katsina lokacin da aka kira shi Zariya. Ke nan yaran da za su karanta littafin, da yawa daga cikinsu magada ne na gaske. Idan yaro irin wannan ya ga Musa zaune gaban aku, kansa ya gani zaune gaban malaminsa.

4.3.2 Musa da Mahmudu

Mai karatu zai iya tambaya, tun da sarki ya sami jika namiji, me ya sa damuwarsa ba ta ƙare ba? Amsar tana cikin ƙa'idar gado. A mazhabar Malikiyya, idan mutum ya rasu ya bar 'ya mace guda da matan aure, ba shi da iyaye ko dangi maza ta wajen uba, 'yar za ta ɗauki rabin dukiya, matan su raba tumuni, wato kashi 1 cikin 8, ragowar kashi 3 cikin 8 kuwa ya tafi baitulmali. Ɗan 'ya mace, irin Mahmudu, ba ya cikin magada. Amma da zarar an sami ɗa namiji, bayan an fitar da tumunin mata, sauran duka shi da 'yar'uwarsa ne za su raba, yana ɗaukar biyu tana ɗaukar ɗaya, baitulmali ba ta samun komai. Haka kuma a sarauta, ɗan 'ya mace ana lissafa shi ne a gidan ubansa. Saboda haka haihuwar Mahmudu ta kawo farin ciki, amma haihuwar Musa ce ta kawo magaji. Mai karatu Bahaushe ya san wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Musa kawun Mahmudu ne ko da yake tsara suke. Marubucin ya ajiye su kusa da juna don a ga abin da zama magaji ke jawo wa mutum. Mahmudu, da yake ba a kansa gida ya dogara ba, an bar shi ya hau doki ya tafi yaƙi ya nemi suna. Musa kuwa an kulle shi a gida, domin ransa ba nasa ne shi kaɗai ba, na gari ne baki ɗaya. Darajar da ta ɗaga shi sama da ɗan'uwansa ita ce ta hana shi abin da zuciyarsa ke so.

Har ila yau, ba a nuna Musa a matsayin wanda aka haifa da cikakken hankalin mulki ba. Yaro ne mai gaggawa, mai saurin yarda da abin da aka kawo masa, mai zafin zuciyar da har ya kashe tsuntsuwar da ta faɗa masa gaskiya. Wannan zafin zuciya kuwa ba daga nesa ya ɗauko shi ba. Ubansa ne ya wulaƙanta manzon Sarkin Sinari cikin fushi, ya jawo wa ƙasarsa yaƙi. Wato kafin Musa ya gaji karaga ya riga ya gaji hali, kuma halin nan shi ne ƙofar da Waziri ya so shiga ta cikinta. Aikin aku ke nan ya zama biyu: ya tsare shi daga takobin mutanen Waziri, ya kuma rage masa abin da ya gada na rashin haƙuri. Ba a banza ba ne aka sami labari a cikin littafin da aka yi wa kanu da gargaɗin a fara koyon mulki da baki kafin a koyi mulki da hannu.

4.3.3 Waziri: Mai Neman Gadon da Ba Nasa Ba

Waziri yana wakiltar mutumin da ke zaune kusa da gado, yana ganinsa kullum, amma ba shi da haƙƙi a kansa. Kafin haihuwar Musa, burinsa yana da ɗan dalili, domin karagar da ba ta da mai hawa dole wani ya hau ta. Bayan haihuwar Musa kuwa, burin ya zama cin amana. Laifinsa ya ƙara muni saboda shi aka bar wa riƙon gari. A al'ada, mai riƙo kamar wasiyyi ne da aka damƙa wa dukiyar maraya, aikinsa ya tsare ta har mai ita ya kawo ƙarfi. Ba a rasa irin wannan a gidajen talakawa, inda baffa kan riƙe gonar marayu ya ƙi sakinta bayan sun girma. Saboda haka ko yaron da bai taɓa shiga fada ba zai gane irin mutumin da ake nufi.

4.3.4 Aku da Ɗansa Fasih

Aku baƙo ne, saye aka yi, ba shi da asali a garin, ba shi ma cikin jinsin mutane. Amma shi ya sami kujerar Waziri, da bakinsa da riƙon amanarsa. A littafi na biyu ya kare wannan matsayi a gasar ba da labari tsakaninsa da wani aku mai suna Haziƙ. Wannan ya nuna akwai matsayin da ake samu ba ta hanyar gado ba.

Sai dai a littafi na uku maganar ta sake komawa kan gado, domin aku ya sami ɗa mai suna Fasih, ya zaunar da shi yana koya masa sana'ar magana. Yakan ba shi labari ya nemi ya fitar da darasin da ke ciki, ya hore shi idan ya yi sakaci. A nan ra'ayin marubucin ya fito fili. Da jini kaɗai ya isa, da ɗan aku bai bukaci karatu ba, tun da daga ƙwai ya fito da baki irin na ubansa. Wanda ya sami matsayi da ƙoƙarinsa ya fi kowa sanin cewa ƙoƙarin ba ya bin jini, sai an koyar da shi. Irin wannan ya faru a tarihi. Giɗaɗo ɗan Laima ya zama Wazirin Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sarautar ta zauna a gidansa, kuma gidan ya riƙe ta tare da ilimi da rubuce-rubuce har zuwa kan Waziri Junaidu, wanda ya rasu a shekarar 1997.

4.4 Kwatanci da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar

Ba a Magana Jari Ce kaɗai Imam ya gina labari a kan ɗan sarkin da ransa ke cikin haɗari ba. A Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar 1933, rashin lafiyar ɗan sarki ne ya sa Liman ya ambaci ruwan Bagaja a fada, aka kunyata shi, shi kuwa Alhaji Imam ya fita neman ruwan don ya wanke wa mutumin da ya riƙe shi kamar uba wannan kunya. A nan magada biyu ne: ɗan sarki da ke kwance, da agolan da ya ɗauki nauyin mutuncin gidan da ya tashi a ciki. Na biyun shi ne tauraron littafin.

A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma ya fito daga wannan gasa, Umar ya tashi maraya, an raba shi da uwarsa, bauta ta kai shi ƙasar Larabawa. Bai gaji gona ko sarauta ba, amma ya yi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya gaji mazauninsa. Wannan ya dace da kirarin da Hausawa ke yi wa malamai na cewa su ne magada annabawa. Idan aka jera littattafan uku, za a ga marubutan farko na ƙagaggun labarai, waɗanda su kansu ilimi ne ya ɗaga su, sun fi karkata ga magajin da ya cancanci abin da ya gada ta hanyar aikinsa.

4.5 Inda Littafin ya Gaza

Duk da haka akwai wurare uku da ya kamata a yi wa littafin gyara.

Na farko, matsalar da aka gina labarin a kai, wato sarki mai ɗa guda tilo, ta fi kama da ta sarakunan Alfu Laila. A ƙasar Hausa abin da ya fi jawo rikici shi ne yawan magada. A Kano, da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a shekarar 1893, aka naɗa ɗansa Tukur, sai 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, suka fita ƙarƙashin Yusufu. Bayan rasuwar Yusufu, Aliyu Babba ya jagorance su suka ci Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Wannan shi ne Yaƙin Basasa, kuma 'yan'uwan juna ne suka yi shi. A Zazzau kuwa, bayan jihadi sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Ko a labarin Bayajida, takaddamar tsakanin 'ya'ya biyu ce, Karɓagari da Bawo. Ta hanyar ba Musa fili shi kaɗai, marubucin ya kauce wa tambaya mafi wuya, wato idan masu haƙƙi sun yi yawa, wa ya fi cancanta? Babu masu zaɓen sarki a labarin, babu kuma alamar Turawa, alhali a Katsina inda yake aiki, Turawa ne suka kawar da gidan Dallazawa a shekarar 1906 suka naɗa Muhammadu Dikko. Mai yiwuwa ne kai labarin ƙasashen gabas ya sauƙaƙa wa marubuci mai aiki ƙarƙashin hukuma ya guje wa abin da zai taɓa manya.

Na biyu, 'yar sarki ba ta da wata rawa a labarin ban da haihuwar Mahmudu. Shari'a ta ba ta rabin dukiyar ubanta kafin zuwan Musa, wato ita ce babbar magajiya a lokacin, amma labarin ya ɗauki sarkin tamkar wanda ba shi da kowa. Wannan ya dace da tunanin fadar zamanin marubucin, sai dai ya manta da cewa a tarihin baka na Daura mata ne suka yi mulki da sarautar Magajiya har zuwa kan Daurama, kuma ta wajen uwarsa ne Bawo ya sami haƙƙin garin.

Na uku, an tsare Musa amma ba a jarraba shi ba. Kowane dare da niyyar fita yake zuwa, kuma daɗin labari ne ke riƙe shi har asuba. Mai karatu bai ga wani dare da ya zauna don kansa ya auna maganar ya fasa tafiya ba. Saboda haka nasarar ta aku ce, shi ya sa ma shi aka saka wa. Wannan ya raunana darasin da ake son koyarwa, domin magajin da sai an yi masa dabara kafin ya tsira, akwai sauran aiki a kansa ranar da mai dabarar ya kau. Horon da aka yi wa Fasih a littafi na uku ya fi inganci, tun da shi ana tambayarsa ya kawo amsa da bakinsa.

4.6 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa kalmar magaji ta ƙunshi gadon dukiya da na sarauta da na sana'a da na hali, kuma dukkansu sun bayyana a Magana Jari Ce. Dukiya da sarauta su ne damuwar Abdurrahman, hali shi ne abin da Musa ya fara gada, sana'a kuwa ita ce abin da aku ya miƙa wa Fasih. An nuna yadda Abubakar Imam ya karɓi labarin da asalinsa kan mutuncin matar aure yake, ya mayar da shi kan tarbiyyar ɗan sarki, don amfanin yaran da wasunsu sarauta ke jira. An kuma nuna cewa hoton bai cika ba, domin ya bar rikicin 'yan'uwa da haƙƙin mata da hannun masu zaɓe a waje. Duk da wannan giɓi, littafin ya tsaya a tsakanin karin maganar nan biyu da aka kawo a baya: ya yarda ɗan na gada yana da fifiko, amma ya ɗora masa sharaɗin ya zauna ya koya. A babi na gaba za a dubi salon da marubucin ya yi amfani da shi wajen isar da wannan jigo, musamman karin magana da kirari da raha.